Tambari Ɗaya, Dokoki Biyu: Gaya da Giɓin da ke Cikin Binciken Jami'o'i

Turmin atamfa da aka sauke daga jirgin ruwa a Kwatano, aka yi tafiyar fiye da kilomita 700 da shi zuwa Malanbil, sannan ya haye kogin Kwara ya shiga Gaya, ya ƙetare iyakar ƙasa, ya fita hannun duwan ɗin Benin, wato kwastan, ya shiga na Nijar, amma a wajen dokar tambarin kasuwanci ko taki ɗaya bai yi ba. Benin da Nijar duk suna cikin ƙungiyar kare mallakar fasaha ta OAPI, kuma tambarin da aka yi wa rajista sau ɗaya a ofishinta na Yawunde yana da ƙarfi a ƙasashe 17, tun daga Muritaniya har tsibiran Komoro. Ranar da aka ɗaure turmin nan a bayan babur aka nufi Kamba ta Jihar Kebbi da shi, tafiyar da ba ta kai komai ba in an gwada ta da ta farko, ranar ce takardar Yawunde take daina aiki. Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta cikin takwararta ARIPO mai ofishi a Harare, ba ta kuma shiga tsarin Madrid na rajistar tambari tsakanin ƙasashe ba. Mai son kariya a Kamba sai ya nemi tasa takardar a Abuja.

Bambancin ya wuce na ofishi. Dokar da ke aiki a Gaya ita ce Yarjejeniyar Bangi ta 2 ga Maris 1977, wadda ta gaji ta Libirbil ta 1962. An yi mata gyara a 1999, aka sake yi a Bamako cikin Disamba 2015, gyaran ƙarshen ya fara aiki a Nuwamba 2020. Tushenta na Faransa ne: tambari na wanda ya riga kai takarda ne, kariyarsa shekara 10, ana sabuntawa. Dokar da ke aiki a Kamba kuwa ita ce ta 1965, wadda aka ɗebo kusan kacokan daga dokar Ingila ta 1938, dokar da masu ita suka ajiye tun 1994. Rajistar farko shekara 7 ce, sabuntawa shekara 14. A gefenta akwai ƙa'idar da alƙalai suka gina, mai bai wa ɗan kasuwa damar kai ƙarar wanda yake sayar da kaya da sunan nasa ko da bai taɓa yin rajista ba, matuƙar ya nuna kasuwa ta san shi da abin. Sai a farkon 2023 wata doka ta sauƙaƙa harkar kasuwanci ta faɗaɗa ma'anar tambari a Najeriya, ta shigo da siffar kaya da ƙunshinsu da haɗin launi, ta kuma ambaci ayyukan hidima a fili. Zane da fasalin kaya suna ƙarƙashin dokar 1970 a Najeriya, da rataye na huɗu na Yarjejeniyar Bangi a Nijar da Benin. A nan ne kaɗai lissafin ya zo ɗaya: shekara 5, a sabunta sau biyu, iyaka 15.

Hujjar da nake son kafawa ita ce, garuruwan nan uku, Gaya da Malanbil da Kamba, suna cikin wuraren da suka fi cancanta a yi binciken digiri na biyu da na uku kan dokar tambari da zane a Afirka ta Yamma, kuma haɗin gwiwar jami'o'in da ake da shi a wannan fanni an yanka shi ne daidai kan layin da ya raba garuruwan, shi ya sa yake wuce su.

Haɗin gwiwar da ake da shi

Shirye-shirye biyu ne suka fi tasiri. A 2008 hukumar mallakar fasaha ta duniya, WIPO, ta haɗa hannu da ARIPO da Jami'ar Afirka da ke Mutare a Zimbabuwe aka buɗe digiri na biyu da Turanci. A 2010 aka buɗe irinsa da Faransanci tsakanin WIPO da OAPI da Jami'ar Yawunde ta Biyu, tare da cibiyar horarwa ta OAPI mai ɗauke da sunan Denis Ekani, shugaban ƙungiyar na farko. Gwamnatin Japan tana cikin masu ɗaukar nauyin ɗalibai. Daga baya ARIPO ta ƙara da jami'ar Kwame Nkrumah ta Kumasi da ta Darussalam. Ba ƙaramin aiki waɗannan shirye-shirye suka yi ba: sun samar wa ofisoshin rajista da kotuna da ma'aikatu mutanen da suka san aikin, abin da a da sai an je Sitirasbur ko Landan.

Sai dai karatu ne na kusan shekara guda, mai nufin fitar da ma'aikaci, kuma kundin da ɗalibi yake rubutawa a ƙarshe yawanci aikin tebur ne: a ɗauko sashe na doka, a gwada shi da na wata ƙasa, a ba da shawarar gyara. Sannan kowane shiri yana koyar da tsarin ƙungiyar da ta haife shi. Ɗan Nijar da ya je Yawunde zai dawo ya san Yarjejeniyar Bangi ciki da bai, ba tare da ya karanta hukunci ɗaya na Babbar Kotun Tarayya ta Najeriya ba, alhali nan ne kayan da ke sito-siton Gaya za su ƙare. Ɗan Najeriya da ya je Mutare zai koyo ƙa'idojin Harare da na Banjul, waɗanda ƙasarsa ba ta sa wa hannu ba, ya dawo bai san dokar Benin da Nijar da Chadi da Kamaru ba, wato duk ƙasashen da suka kewaye tasa ta tudu. Wannan lamari ya isa ya dami kowace tsangayar shari'a a Arewa: maƙwabtan Najeriya huɗu na kan iyaka, dukkansu 'yan OAPI ne.

Gaya kuwa ba baƙuwar masu bincike ba ce, kuma tarihinta da su yana nuna irin haɗin gwiwar da ke haifar da abu. Sashen nazarin ƙasa na Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai ya daɗe yana aiki da na Jami'ar Lozan ta Suwizalan, kuma daga wannan zumunci ne aka samu kundin digiri na uku na Lawali Dambo kan amfani da ruwa a Gaya, a 2007, da aikin Olivier Walther kan manyan 'yan kasuwar iyakar nan, wanda ya fito littafi a 2008. Walther ya nuna cewa kasuwannin uku jiki ɗaya ne, kowace da aikinta: Malanbil ta amfanin gona, Gaya ta ajiya da sake fitar da kaya, Kamba ƙofar shiga babbar kasuwar Najeriya. Ya kuma nuna cewa da yawa cikin iyayen gidan da ke juya wannan ciniki zuwa suka yi daga wasu wurare, iyakar ce ta jawo su. A ɗaya gefen akwai cibiyar LASDEL da aka kafa a Yamai a 2001, mai reshe a Paraku, wadda masananta, irin su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Nassirou Bako-Arifari, suka zauna a ofisoshin duwan da tashoshi suka rubuta ƙa'idojin da ma'aikata suke bi a aikace, waɗanda sau da yawa ba su ne na takarda ba. Abin da ya sa waɗannan ayyuka suka yi ƙarko shi ne zaman da aka yi a wurin, da malamai daga jami'o'i biyu suna duba ɗalibi ɗaya, da shekarun da aka ba aikin. Masana ƙasa da masana zamantakewa sun share filin. Lauyoyi ne ya kamata su biyo baya da nasu tambayoyin.

Tambayoyin da ke jiran mai kundi

Ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce ta kayan wucewa. Rayuwar Gaya ta daɗe tana rataye kan kayan da ba don ita aka sayo su ba: dilolin gwanjo, wanda a Nijar ake ce wa bosho, da atamfa da shadda da taba da shinkafa, da suke fitowa daga Kwatano da takardar wucewa zuwa Nijar, a sauke su a mangaza, a biya harajin sake fitarwa, su bi hanyar Najeriya, inda aka hana shigo da su ko aka tsawwala musu kuɗin kwastan. To, katan ɗin da ke ajiye a Gaya, mai ɗauke da tambarin da wani ya yi wa rajista a Yawunde, amma ba za a sayar da ko ƙwaya ɗaya a Nijar ba, shin ya taɓa haƙƙin mai tambarin? In an juya ta kuma: tambarin da Abuja kaɗai ta sani, kayan da suka kwaikwaye shi halal ne a idon doka har su taka ƙasar Kebbi? Akwai ma fuska ta uku da ta fi rikitarwa, inda mutum biyu daban suka riƙe suna ɗaya, wannan a Yawunde, wancan a Abuja, kowa da takardarsa ta gaskiya. Kaya ɗaya ke nan, na asali da safe, jabu da azahar.

Yarjejeniyar mallakar fasaha ta duniya, TRIPS, ta 1994 ta wajabta wa ƙasashe su ba mai tambari hanyar sa kwastan su tsare jabun kaya masu shigowa, amma ta faɗa a fili cewa ba dole ba ne a yi hakan ga kayan da wucewa kawai suke yi. Turai ta sha muhawara a kai. A Disamba 2011 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar kamfanonin Philips da Nokia, ta ce ba a kama kayan wucewa sai an nuna alamar za a karkatar da su kasuwar Turai. Masu tambari ba su ji daɗi ba, aka sauya dokar a 2015 ta ba da damar kamawa, sai in mai kayan ya nuna cewa a ƙasar da za su ba laifi ba ne. Kafin mu yi saurin kwaikwayon wannan, mu tuna cewa a tsakanin 2008 da 2009 kwastan ɗin Holan sun tsare magungunan Indiya masu sauƙin kuɗi da ke wucewa ta ƙasarsu, cikinsu har da maganin ƙanjamau da aka nufo Najeriya da shi. Nijar ba ta da teku. Kusan duk abin da take saye daga nesa ta tashar wani yake biyowa, Kwatano ko Lome ko wata. Dokar da ta ba mai tambari ikon tsare kayan wucewa a Gaya, ita ce za ta ba shi ikon tsare kayan Nijar a bakin teku. Ina ganin babu ƙasar da ta fi Nijar bukatar a yi mata wannan lissafi da natsuwa, kuma ba a yin sa sai da takardun duwan na gaske da hira da masu fiton kaya.

Ta biyu ita ce ta mai saye. Dukkan dokokin biyu sun tsaya kan tambaya ɗaya: shin mai saye zai iya ruɗewa? Hukunce-hukuncen OAPI suna yin awo da mai saye mai matsakaicin lura, wanda tamburan biyu ba sa gabansa a lokaci ɗaya. Kotunan Najeriya sun daɗe da gane cewa wannan mutum ba lallai ne ya iya karatun boko ba. A 1931, a shari'ar United Kingdom Tobacco da Carreras, rigimar ta taso ne kan kwalin taba biyu, ɗaya da hoton Bature mai kayan shugaban 'yan badujala, ɗaya da Bature mai kayan lauya; sunayen da ke rubuce sun bambanta, amma kasuwa da hoton Baturen take kiran tabar, kotu kuma ta bi kasuwa. A 1968 Kotun Ƙoli, a shari'ar maganin yara Castoria da Casorina, ta ce a yi awo da kunne kamar yadda ake yi da ido. A 1972 a Kano aka yanke ta Trebor kan takardar naɗe alewa. Amma a 2004, a shari'ar Ferodo da Ibeto kan kwalin birki, Kotun Ƙoli ta ce abin da aka yi wa rajista shi ne sunan, launukan kwalin ado ne kawai.

Wanne ne ya fi kusa da gaskiyar kasuwa? Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai tebur ya san ana cewa a ba ni magi mai tauraro, ya san kowane garin sabulu omo ne, ya san makanike yakan aiki yaro da tsohon kwali a hannu ya ce a sayo irinsa. A kasuwar Gaya ana ciniki da Hausa da Dandanci da Zabarmanci, mai sayen kuma yana iya zama wanda ya yi allo ya san ajami bai san baƙaƙen boko ba. Alƙali a Yamai ko Sakkwato yana ƙiyasta ruɗewar wannan mutum daga kujerarsa, domin babu wanda ya kawo masa awo. Ɗalibin digiri na uku da zai shekara yana rubuta sunayen da masu saye suke kiran kaya da su, da abin da suke dubawa kafin su biya, zai ba kotunan ƙasashe uku abin da ba su da shi.

Irin wannan bincike zai kuma raba abu biyu da kalmar jabu take haɗawa. Matar da ta je sayen atamfa ta san Holan, ta san mai bi mata, ta san ta Sin. Ta murza, ta duba bakin turmi, ta ji kuɗin, ta ɗauki daidai ƙarfinta. Ba a ruɗe ta ba. Nina Sylvanus, a littafinta na 2016 kan kasuwar atamfa ta Lome, ta nuna cewa 'yan kasuwar Togo da kansu suka riƙa kai samfuri masaƙun Sin ana buga musu. Haka shadda: mai sayen Gezna ya san akwai ta Ostiriya, akwai mai sunanta. Wannan ciniki yana cutar da mai zane da masaƙa, kuma rufewar masaƙun Kaduna da Kano, ciki har da UNTL a 2007, yana da nasaba da shi tare da matsalar wuta da tsadar aiki. Amma cutar ba irin ta 1995 ba ce, shekarar da annobar sanƙarau ta afka wa Nijar, aka yi wa dubban mutane allurar rigakafi mai ɗauke da sunayen Pasteur Mérieux da SmithKline Beecham, daga baya aka gano babu magani a ciki. A can tambarin ƙarya ya ci rayuka. Dokar da ta yi wa mai turmin atamfa da mai kwalbar allura hukunci da ma'auni ɗaya ba za ta samu goyon bayan kasuwa ba, kuma in kasuwa ba ta goyi bayan doka ba, a iyaka irin wannan sunanta kawai za a ji.

Ta uku ta shafi zane kansa, kuma a nan ne dokokin biyu suka fi yin hannun riga. Kamfanin Vlisco na Helmond, mai atamfar Holan, ya faro tun 1846, kuma da yawa cikin zanukansa da aka fi so sun girmi shekara 15 nesa ba kusa ba, wato kariyar rajistar zane ta ƙare musu. Me ya rage? A tsarin OAPI, rataye na huɗu ya ce rajistar zane ba ta hana mai shi cin moriyar dokar haƙƙin mawallafi, wadda wa'adinta ya fi tsawo kuma ba ta bukatar rajista. A Najeriya akasin haka ne: dokar haƙƙin mallaka ta 1988 ta cire duk zanen da mai shi ya yi da niyyar a riƙa buga shi a masana'anta, sabuwar dokar da aka sa wa hannu a 2023 ma ta riƙe wannan matsayi. Saboda haka zane ɗaya yana iya zama mai kariya a Gaya, ya zama na kowa a Kamba. Kotun Ƙolin Najeriya ta taɓa zanen yadi a shari'ar Ajibowo da Western Textile Mills a 1976, ta kuma jaddada sharaɗin sabunta a ta Uzokwe da Densy a 2002: abin da jama'a suka riga suka gani ba ya rajistuwa.

Sharaɗin nan yana da wani gefe da ya shafe mu kai tsaye. Aikin allura na babbar riga, irin su aska takwas, da zanen hula da na tabarma da na ƙwarya, duk sun daɗe a idon jama'a, don haka masu yin su ba za su iya yi musu rajista ba. Amma magatakardan Abuja, bisa dokar 1970, cikar takardu yake dubawa, ba ya binciken ko zanen sabo ne. Wanda ya ɗan sauya tsohon zane ya kai, zai iya fitowa da takarda, sai mai ƙarfin zuwa kotu ya ƙalubalance shi. Ƙasashen Afirka sun yi tsayin daka kan wannan a tattaunawar WIPO, har yarjejeniyar dokar zane da aka amince da ita a Riyad cikin Nuwamba 2024 ta bar wa kowace ƙasa damar tambayar mai neman rajista ko ya ɗebo daga fasahar gargajiya. An samu damar. Amfani da ita yana bukatar a san zanukan, a tattara su, a san na wace al'umma ne, kuma a yankin Dandi, inda garuruwan nan uku suke, al'ummar takan kasance a ƙasashe uku.

Kilishi ma ya shigo layi. Nijar ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista a OAPI a matsayin kayan da sunansu yake ɗaure da wurin da suka fito, bayan darasin da ta koya lokacin da wani kamfanin iri na Senegal ya nemi mallakar irin albasar da sunan Galmi, sai da aka yi ja-in-ja ya sauya suna. Najeriya ba ta da doka ta musamman kan irin wannan rajista, ga shi kuwa mahautan Kebbi da Sakkwato da Kano suna shanya nasu kilishin tun kaka da kakanni. Idan ɗan Kamba ya kai nasa Malanbil, me zai rubuta a leda? Gaya kanta tana da abin da za a yi wa tambarin gamayya, kamar gishirin Foga da fatake suka sani tun zamanin da ayarin goro yake ƙetare Kwara ta wannan yanki zuwa Gwanja, da murucin dazukan giginya.

Akwai kuma doka ta uku da takardun Yawunde da na Abuja ba su ambata ba, alhali ita ce ɗan kasuwar Gaya ya fi jin tsoro. Fiƙihun Malikiyya yana da babi mai faɗi kan algus da ɓoye aibin kaya, kuma Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa sunan kasuwanci da tambari haƙƙoƙi ne masu darajar dukiya, shari'a tana kare su. Yawancin rigingimun suna a kasuwa ba sa zuwa kotu. A gaban uban gida ko sarkin kasuwa ko liman ake kashe su. Jami'ar Musulunci ta Sayi, da aka buɗe a 1986 a bakin wannan kogi, da tsangayoyin shari'a na Sakkwato da Zariya da Kano, waɗanda suke koyar da dokar boko da ta Musulunci tare, suna da malaman da za su iya duba wannan ɓangare.

Yadda haɗin zai kasance, da abin da zai tare shi

Jami'o'in suna nan. Yamai tana da tsangayar shari'a, Tawa ma haka, Paraku da aka kafa a 2001 ma haka. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta 1975 ita ce mai tsohuwar tsangaya mafi kusa ta gefen Najeriya, Ahmadu Bello da Bayero suna bayanta. Jami'ar Doso, da aka kafa a 2014 aka karkatar da ita ga fasahar sadarwa, ba ta shari'a ba ce, amma ita ta fi dacewa ta riƙe rumbun hotunan tambari da zane da hukunce-hukunce a kwamfuta. Tsarin da jami'o'in Faransanci suka saba da shi, na ɗalibi ɗaya mai malamai biyu a ƙasashe biyu da kundi ɗaya, shi ne ya dace, da sharaɗin a ƙara masa na uku daga masana zamantakewa, kuma ɗalibin ya zauna a kasuwannin. Cewa hakan ba ya yiwuwa tsakanin tsarin CAMES na jami'o'in Faransanci da na hukumar jami'o'in Najeriya ba hujja ba ce: cibiyoyin ƙwarewa da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2014, irin cibiyar noman ƙasar fari ta Bayero, an ɗora musu sharaɗin ɗaukar ɗalibai daga maƙwabta, sun kuma ɗauka. Ɗalibin da ya tashi a Gaya ko Kamba yana da wani jari da ba a koyarwa a Mutare ko Yawunde, wato harshen da ake cinikin da shi. Tun Maris 2025 kundin sake gina ƙasa na Nijar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Turanci na aiki, wanda hakan ya rage wa mai ƙin rubuta kundi da harsuna biyu uzuri.

Cikas na farko siyasa ce. Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu a Agusta 2019, Kamba ba ta buɗe ba sai Afrilu 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin ECOWAS ya tsayar da gadar Gaya, kuma ko da aka ɗage shi a Fabrairu 2024, Nijar ta bar nata gefen a rufe, mutane da kaya suka koma kwalekwale. A Janairu 2024 Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo saboda badaƙalar takardun bogi. A Janairu 2025 ficewar Nijar daga ECOWAS ta tabbata. Kowane ɗaya cikin waɗannan ya isa ya kashe yarjejeniyar jami'o'i. Amma OAPI ƙungiya ce daban da ECOWAS, haka ma hukumar haɗin gwiwa ta Najeriya da Nijar da aka kafa a 1971 mai mazauni a Yamai, kuma ta nan za a iya biyo da maganar. Ga mai bincike kuwa, rufe gadar ya ƙara wa tambayoyin nauyi ne, tunda kayan da ba su bi ta gaban duwan ba babu mai duba tambarinsu.

Lokaci ma yana matsowa. A Yamai aka ƙaddamar da fara aikin yankin ciniki maras shinge na Afirka a ranar 7 ga Yuli 2019, ranar da Najeriya da Benin suka sa hannu, kuma a Fabrairu 2023 shugabannin Tarayyar Afirka suka amince da ƙa'idar mallakar fasaha ta wannan yanki, aka bar bayanan tambari da zane ga rataye-ratayen da za su biyo. Wakilan da suka je teburin da bincike a hannu su ne za a ji.

Cikas na biyu kuɗi ne, ko in ce mai kuɗin. Shirin AfrIPI da Tarayyar Turai ta fara a 2020 ta hannun ofishinta na tambari da zane ya tallafa wa horo a nahiyar, kuma manyan kamfanoni ba za su ƙi biyan kuɗin bincike kan jabun kayansu ba. Ban ga laifin karɓa ba. Amma mai biya yana da tambayar da ta dame shi, wato yadda za a ƙara kamawa, kuma ba ita ce tambayar mai sayar da gishirin Foga ko ta ƙasar da ba ta da teku ba. Ƙungiyar masu bincike ta Open AIR, da ta haɗa jami'o'i a Kef Tawun da Otawa da Alƙahira da Nairobi da cibiyar nazarin shari'a ta Najeriya, ta nuna ana iya karɓar tallafin waje a kuma riƙe zaɓen tambaya a gida. Asusun TETFund a Najeriya yana biyan karatun malaman jami'a, kuma ko kaso kaɗan daga gida ya isa ya ba tsangaya bakin cewa ga abin da za a bincika.

Na uku shi ne amana. Ɗan kasuwar da zai buɗe wa ɗalibi mangazarsa, ya gaya masa wane kwali ne na asali, wane ne aka buga masa a Gwanju ta Sin, ta wace hanya yake bi da shi Kamba, ya ba shi abin da zai iya ɗaure shi a ƙasashe biyu. Lauyoyi ba su saba da irin wannan nauyi ba kamar masana zamantakewa. Dole yarjejeniyar jami'o'in ta rubuta tun farko cewa ba a miƙa bayanan hira ga duwan ko ga kamfanin da ya ba da tallafi, ana sauya sunaye a kundi, kuma ɗalibin da yake ma'aikacin kwastan ne ko lauyan wani mai tambari zai faɗi haka ga duk wanda zai yi hira da shi kafin ya buɗe littafinsa.